Tambaya da Amsa: Geton Yahudawa na Krakow da Guntun Katangar da Ya Rage

A fitowarmu ta baya mun buga hoton wata tsohuwar katanga mai ruwan toka, wadda samanta ya yi lanƙwasa bi da bi kamar an jera alluna, tare da gajeren bayani cewa guntu ne na katangar geton Yahudawa a birnin Krakow na ƙasar Polan. Wasiƙun da suka biyo bayan hoton sun fi yadda muka zata yawa, don haka filin wannan karon nasu ne gaba ɗaya. Na haɗa tambayoyin da suka yi kama da juna, masu tsawo kuma na taƙaita su.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne, kuma a iya sanina geto yana nufin unguwar talakawa. Mene ne ya haɗa wannan kalma da Yahudawa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ma'anar da ka sani ita ce ta baya-bayan nan, asalin kalmar kuwa daga birnin Benis na Italiya ne. A ranar 29 ga Maris 1516 hukumar birnin ta yanke cewa duk Yahudawan da ke cikinsa su koma wani ɗan tsibiri inda a da ake zubin tagulla, kuma mafi yawan masana suna ganin sunan wannan maƙera ne a harshen mutanen Benis ya bi unguwar. Ana rufe ƙofofinta da dare, a buɗe da safe, masu gadin kuma Yahudawan ne ke biyan su albashi. Birnin Frankfurt na Jamus ya riga Benis ware wa Yahudawa titi guda tun 1462, sannan a 1555 Fafaroma Paul na Huɗu ya kafa irin wannan unguwa a Rum, wadda ba ta daina aiki ba sai 1870. Ƙofofin na Benis kuwa sojojin Napoleon ne suka cire su a 1797.

Abin da ya kamata ka riƙe shi ne bambancin da ke tsakanin waɗancan tsofaffin unguwanni da waɗanda 'yan Nazi, mabiya Hitila na Jamus, suka kafa a Yaƙin Duniya na Biyu. Tsohon geto wulaƙanci ne da takura, amma mutane sun yi ɗaruruwan shekaru a ciki suna aure, suna haihuwa, suna fita kasuwa da rana, suna buga littattafai. Geton 'yan Nazi kuwa zango ne da aka tara mutane kafin a kwashe su zuwa inda za a kashe su, shi ya sa na Krakow bai wuce shekara biyu ba.

Tambaya: Ni malamar makaranta ce, kuma ɗalibaina sun tambaye ni dalilin da ya sa saman katangar ya yi irin wannan siffa. Wa ya gina ta, kuma yaya aka yi har aka kai ga gina ta?

Amsa: Malama, ɗalibanki sun lura da abin da ya fi komai nauyi a hoton. An yi saman katangar ne da siffar duwatsun da Yahudawa ke kafawa a kan kaburbura, masu zagayayyen kai, kuma waɗanda aka kulle a ciki sun gane siffar tun ana cikin ginin, kamar yadda waɗanda suka tsira suka faɗa daga baya. Mutum ya wayi gari ya ga an kewaye gidansa da irin dutsen da ke kan kabarin kakansa.

Amma kafin a zo ga katanga sai an koma baya kaɗan. Yahudawa sun zauna a Krakow tun zamanin da birnin yake fadar sarakunan Polan. A 1495, bayan wata gobara da aka ɗora musu alhakinta, Sarki Jan Olbracht ya mayar da su Kazimierz, wani gari da ke jikin Krakow, inda suka gina majami'unsu da makarantunsu, har wurin ya zama ɗaya daga cikin manyan cibiyoyin ilimin addininsu a Turai. Fitaccen malaminsu Moses Isserles, wanda ya rasu a 1572, a nan kabarinsa yake har yau. Kafin yaƙi, Yahudawan Krakow sun kai kimanin 60,000, wato kusan mutum ɗaya cikin huɗu na mazauna birnin, cikinsu akwai likitoci da lauyoyi da teloli da 'yan dako.

Sojojin Jamus sun shiga Krakow a ranar 6 ga Satumba 1939, suka mai da shi hedikwatar yankin Polan da suke mulka kai tsaye, gwamnan da Hitila ya naɗa, Hans Frank, ya tare a fadar Wawel ta tsofaffin sarakuna. Daga nan abin ya riƙa tafiya mataki-mataki, kowane mataki da takardarsa da hatiminsa. Aka rufe majami'u, aka ƙwace shaguna da kuɗin banki, aka tilasta wa maza aikin ƙarfi, sannan daga Disamba 1939 aka wajabta wa Yahudawa ɗaura farin ƙyalle mai shuɗin tauraro a dantse. Frank ba ya son ganin Yahudawa a birnin da ya zama mazauninsa, don haka a 1940 aka kori mafi yawansu zuwa ƙauyuka da ƙananan garuruwa, aka bar kimanin 15,000 da ake ganin aikinsu na da amfani, su da iyalansu.

A ranar 3 ga Maris 1941 gwamnan gundumar Krakow, Otto Wächter, ya sa hannu kan dokar kafa abin da suka kira unguwar zaman Yahudawa, ya ba da wa'adi zuwa 20 ga watan. Ba a zaɓi Kazimierz ba, duk da cewa nan ne tsohon mazauninsu. An zaɓi wani ɓangare na Podgórze, a ƙetaren kogin Vistula, wanda a da gari ne mai cin gashin kansa kafin a haɗa shi da Krakow a 1915. Wuri ne mai sauƙin rufewa, kogi a gefe ɗaya, tsaunukan Krzemionki a wani gefen, ga layin dogo kusa, ga masana'antun da ke buƙatar ma'aikata. Kiristocin Polan da ke zaune a wurin aka umarce su da su fita, kuma akwai hotunan waɗannan kwanaki da ke nuna iyalai suna ƙetara gada da amalanke, an ɗora gado da kujeru da tukwane. Wurin da a da yake ɗauke da mutum 3,000, mai gidaje kimanin 320, shi aka cusa wa 15,000. A watan Afrilu Jamusawa suka sa aka fara ginin katangar, mai tsayin kimanin mita 3, aka bar ƙofofi huɗu da masu gadi, tagogi da ƙofofin gidajen da ke kallon waje kuma aka toshe su da bulo.

Tambaya: Yaya mutane suka rayu a ciki, kuma shin babu wanda ya taimake su daga waje?

Amsa: Malam, cunkoso ne farkon azabar. Iyali uku ko huɗu suna raba gida ɗaya, ana jan labule ko a gitta kabad a tsakiyar ɗaki don a samu sutura, kuma a ƙarshen 1941 aka ƙaro wasu dubbai daga ƙauyukan kewaye, har adadin ya doshi 20,000. Abincin da ake rabawa ba ya riƙe rai, don haka aka dogara da abin da masu fita aiki suka ɓoyo a cikin tufafi. Takardar aiki ita ce komai, domin mai ita yana fita masana'anta da safe ya dawo da yamma, wanda ba shi da ita kuwa sunansa ne farko a jerin waɗanda za a kwashe. Daga 15 ga Oktoba 1941 dokar Frank ta tanadi kisa ga duk Bayahuden da ya fita ba izini, da kuma duk wanda ya ba shi mafaka. Jamusawa sun kafa majalisar Yahudawa da 'yan sandan Yahudawa domin umarninsu ya riƙa fita ta bakin mutanen da kansu, wanda hakan ya jefa wasu cikin matsayin da har yau ake muhawara a kansa. Shugaban majalisar na biyu, Artur Rosenzweig, da bai cika adadin mutanen da aka nema a hannunsa ba a Yunin 1942, shi da iyalinsa aka sa a jirgin ƙasan da ya kwashi mutane zuwa inda za a kashe su.

Akwai wani abu da ke tsaya mini a rai duk lokacin da na karanta tarihin wannan wuri. Ƙaramin jirgin lantarki na cikin gari ya ci gaba da ratsa tsakiyar geton kullum, ɗauke da mutanen birni masu zuwa aiki da kasuwa, an dai hana shi tsayawa. Ke nan abin da ke faruwa ba a ɓoye yake ba. Wasu fasinjoji sukan jefo burodi ta taga, mafi yawa kuma sukan wuce.

Cikin waɗanda suka taimaka, sunan da ya fi fitowa shi ne Tadeusz Pankiewicz, Kirista ɗan Polan mai kantin magani a dandalin da ake kira Plac Zgody. Da aka shata iyaka sai kantinsa ya faɗo a ciki, aka yi masa tayin wani a waje, ya ƙi, ya shawo kan hukuma ta bar shi. Shi da ma'aikatansa mata uku sun riƙa shigo da wasiƙu da abinci, suna ba da magani kyauta, suna ɓoye mutane. Abubuwa biyu da aka fi nema a wurinsa sun isa su nuna halin da ake ciki, wato rinin gashi, domin tsofaffi su ɓoye furfura kada a ce ba za su iya aiki ba, da maganin barci, domin jarirai su yi shiru a maɓoya lokacin da sojoji ke bincike. Tagar kantin tana kallon dandalin da ake tara mutane, don haka ya ga komai da idonsa, ya rubuta shi a littafin da ya fito a 1947. A 1983 Yad Vashem, cibiyar tunawa da kisan kiyashin Yahudawa da ke Isra'ila, ta karrama shi.

Su ma matasan ciki ba su zauna ba. Sun kafa ƙungiyoyin ɓoye, suna buga takardun jabu, suna neman makamai, kuma a daren 22 ga Disamba 1942 suka kai hari da gurneti a gidan shan kofi na Cyganeria da ke tsakiyar birni, inda hafsoshin Jamus ke taruwa, suka kashe wasu daga ciki. Kusan dukan jagororinsu an kama su ko an kashe su cikin watannin da suka biyo baya.

Tambaya: Ina aka kai mutanen, kuma yaushe aka rufe geton?

Amsa: An kwashe su ne a manyan zagaye uku, Malam. A farkon Yuni 1942 aka tara waɗanda ba su samu sabon hatimi a takardarsu ba, aka kora su a ƙasa zuwa tashar jirgi ta Płaszów, aka loda kimanin 7,000 a taragun kaya zuwa Bełżec. An gaya musu aikin gona za su je yi a gabas, alhali Bełżec ba sansanin aiki ba ne, ɗakunan iskar guba ne kawai da ramuka, kuma mafi yawan waɗanda suka sauka a can ba su kwana ba. A ranar 4 ga watan aka harbe Mordechai Gebirtig a kan titi, kafinta kuma mawaƙin Yidish, harshen Yahudawan gabashin Turai, da aka san waƙoƙinsa a ko'ina cikin Polan. Zagaye na biyu shi ne na 28 ga Oktoba 1942, lokacin da aka tura aƙalla 4,500, aka kashe kimanin 600 nan take, cikinsu har da marasa lafiya a kan gadon asibiti. Dattijon da ke kula da gidan marayu, Dawid Alter Kurzmann, ya bi yaransa cikin jirgin.

Bayan kowane zagaye sai a rage faɗin geton, a ja waya mai ƙaya a sabuwar iyaka. A Disamba 1942 aka raba shi biyu, ɓangaren masu aiki da na marasa aiki, kowa kuma ya san abin da rabon ke nufi. Ranakun 13 da 14 ga Maris 1943 aka yi na ƙarshe, kuma Amon Göth, kwamandan sansanin gwale-gwale na Płaszów, yana cikin waɗanda suka jagoranta. Aka tasa ƙeyar dubban masu aiki zuwa sansaninsa, aka hana su tafiya da ƙananan yara, aka harbe mutanen da ƙiyasin da aka fi ambata ya kai kimanin 2,000 a tituna da farfajiyoyi, sauran aka kai su sansanin hallaka na Auschwitz-Birkenau. Kaɗan sun sulale ta magudanan ruwa na ƙarƙashin ƙasa, cikinsu har da likita Julian Aleksandrowicz da iyalinsa. Shi kansa sansanin Płaszów a kan maƙabartun Yahudawa biyu aka gina shi, duwatsun kaburburan kuma aka shimfiɗa su a hanya ana takawa.

Tambaya: Ina jin wasu na cewa an zuzuta wannan labari. Wace hujja ce ke nuna haka abin ya faru?

Amsa: Alhaji, neman hujja ba laifi ba ne, kuma a wannan batu hujjar tana da yawa, mafi ƙarfinta ma daga hannun waɗanda suka aikata ta fito. Dokar Wächter an buga ta a jarida an manna a bango. Hans Frank ya ajiye kundin aikinsa na yau da kullum, mujalladi kusan 40, ya miƙa wa sojojin Amurka da hannunsa, aka yi amfani da kundin a shari'ar manyan 'yan Nazi a Nuremberg, aka rataye Frank a ranar 16 ga Oktoba 1946. Akwai kuma saƙon waya da wani hafsan SS, rundunar musamman ta 'yan Nazi, mai suna Hermann Höfle ya aika a Janairun 1943, wanda Ingila ta kama a lokacin, aka gano shi a ma'ajiyar takardunta a shekara ta 2000, kuma a cikinsa an rubuta cewa zuwa ƙarshen 1942 an kai mutum 434,508 Bełżec kaɗai. Amon Göth an gurfanar da shi a Krakow ɗin, waɗanda suka tsira suka ba da shaida a gabansa, aka rataye shi a ranar 13 ga Satumba 1946. Wächter ne ya kuɓuce wa shari'a, ya mutu a ɓoye a Rum a 1949.

Gaskiya ne masana sukan bambanta a ƙananan alƙaluma, kamar yawan waɗanda aka harbe a rana kaza, domin masu harbi a titi ba kullum suke ƙirgawa ba. Amma saɓani a kan adadin rana ɗaya ba ya taɓa ginshiƙin labarin. Polan tana da Yahudawa kimanin miliyan 3.3 kafin yaƙi, aka kashe kimanin miliyan 3, kuma daga cikin 60,000 na Krakow 'yan dubbai ne suka ga ƙarshen yaƙin. A ganina, duk ra'ayin da mutum yake da shi a kan siyasar yau, bai halatta ya sa shi musun jinin jaririn da aka ba maganin barci don kada kukansa ya tona maɓoyar iyayensa ba. Adalci kuma ya sa a faɗi cewa wahalar ba ta ƙare da tafiyar Jamusawa a Janairun 1945 ba, domin a ranar 11 ga Agusta na wannan shekarar wasu mutanen gari sun far wa Yahudawan da suka dawo Kazimierz, abin da ya sa da yawa suka bar ƙasar.

Tambaya: Na ga fim ɗin Schindler. Shin wurin da aka nuna shi ne geton, kuma me ya rage a can yanzu?

Amsa: Malama, fim ɗin da Steven Spielberg ya fitar a 1993 ya ɗauki yawancin wuraren geton ne a Kazimierz, saboda tsofaffin gine-ginensa sun fi zama yadda suke, shi ya sa baƙi da yawa ke zuwa can suna zaton sun ga geton, alhali sai an ƙetare kogi. Masana'antar kwanonin Oskar Schindler, Bajamushen da ya tserar da Yahudawa kimanin 1,200, tana titin Lipowa, wajen katanga amma kusa, kuma tun 2010 ta zama gidan tarihi. Kantin Pankiewicz ma gidan tarihi ne. Dandalin da ake tara mutane yanzu sunansa Dandalin Jaruman Geto, kuma a 2005 aka kafa kujerun ƙarfe 70 a cikinsa, babu kowa a kai, don tunawa da kayan ɗakin da aka watsar a wurin bayan an kwashe masu su.

Ita katangar an rushe kusan dukanta, guntu biyu ne suka rage. Ɗaya yana titin Limanowskiego, a bayan wata makaranta, inda ya jingina da duwatsun Krzemionki, a gabansa kuma akwai filin wasan yara. Ɗayan, wanda muka buga hotonsa, yana titin Lwowska, tsawonsa kimanin mita 12, a matse tsakanin gidajen da mutane ke zaune a ciki, har mai sauri zai iya wuce shi bai lura ba. Idan aka kwatanta da geton Warso, babban birnin Polan, inda aka kulle fiye da mutum 400,000 a bayan katanga mai tsawon kilomita 18, geton Krakow ƙarami ne, amma a Warso Jamusawa sun baje unguwar ƙasa bayan boren Afrilun 1943, a Podgórze kuwa tituna da gidaje da yawa suna nan, don haka mai ziyara zai iya bin iyakar da ƙafa cikin ƙasa da awa ɗaya, ya auna da idonsa ƙanƙantar wurin da aka cusa wa mutum 15,000.

A jikin guntun na Lwowska akwai allon da aka manna a 1983, da harshen Ibrananci da na Polan, ma'anarsa ita ce: a nan suka rayu, suka sha wuya, suka mutu a hannun masu kisan Hitila, daga nan kuma hanyarsu ta ƙarshe ta miƙa zuwa sansanonin hallaka. Masu ziyara sukan ajiye furanni da kyandir a gindinsa, wasu kuma su ɗora ƙananan duwatsu, kamar yadda Yahudawa ke yi idan sun ziyarci kabari. A watan Maris na kowace shekara ana yin tattaki daga dandalin kujerun, a tsaya a wannan katanga, sannan a wuce zuwa filin Płaszów, ta hanyar da aka kora mutanen a ranar 13 ga Maris 1943.